Idan Kulob ya Sauya Hannu: Abin da Magoya Baya ke Jira da Abin da ke Gudana a Ofis

A duk lokacin da aka sayar da wani babban kulob na Turai, ko wani attajiri ya sayi kaso a cikinsa ya karɓi ragamar tafiyar da shi, gardamar da ke tashi a fadodin Yamai kusan iri ɗaya ce, ko a Bukoki ne, ko a Wadata, ko a Lazare. Wasu na cewa a ba sabbin shugabanni lokaci, domin ɓarnar shekara goma ba ta gyaruwa a kaka ɗaya. Wasu kuma na cewa mai kuɗi ba ya buƙatar lokaci, ya fito da kuɗinsa ya sayo ƴan wasa, koci kuwa idan ya kasa a sallame shi a kawo wani. Magoya bayan Manchester United sun shiga wannan gardama tun ƙarshen 2023, na Chelsea tun 2022, na Marseille kuwa, waɗanda ba a rasa su a kowace unguwa, suna cikinta tun 2016. A ganina ɓangarorin biyu wuri ɗaya suke kallo, wato bencin koci da sunayen waɗanda aka sayo, alhali abin da ke tabbatar da farfaɗowar kulob ko durƙushewarsa yana can cikin ofis: da wane irin kuɗi aka sayi kulob ɗin, wa ke da ta cewa a kan sayen ɗan wasa, kuma wace doka ce ta ɗaure hannun mai kuɗin.

Maganar kuɗin saye ita ce aka fi tsallakewa, kuma Manchester United ce ta fi kowa shan wahalarta. A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi kulob ɗin a kan kusan fam miliyan 790, amma mafi yawan kuɗin ba daga aljihunsu ya fito ba, rance ne suka ciwo, suka jinginar da kulob ɗin kansa, suka ɗora masa nauyin biya. Kamar dai mutum ne ya je Babbar Kasuwa ya sayi shago mai ciniki da kuɗin banki, ya ba da shagon jingina, sannan kowace yamma a kwashe cinikin ranar a kai wa banki, shi kuma ya ɗebi ribarsa, rufin shagon na yoyo babu mai gyarawa. Kulob ɗin da bashi bai dame shi ba kafin 2005 ya wayi gari da bashin ɗaruruwan miliyoyi, kuma masu bin diddigin asusunsa sun ƙiyasta cewa abin da ya tafi a kuɗin ruwa da kuɗin banki da ribar masu hannun jari ya haura fam miliyar 1. Muddin Alex Ferguson yana kan benci, nasara ta rufe wannan rami. Da ya yi ritaya a 2013, shekarar da kulob ɗin ya ɗauki kofin Firimiya na ƙarshe a hannunsa, sai ramin ya bayyana. Mutanen birnin Manchester kuwa tun farko sun gane, shi ya sa wasunsu suka ɓalle a 2005 suka kafa FC United of Manchester, wasu suka fara ɗaura ƙyallen wuya kore da ruwan ɗorawa a 2010, launin da kulob ɗin ke sawa tun yana amsa sunansa na farko, Newton Heath, har ta kai a watan Mayu na 2021 suka kutsa cikin Old Trafford aka ɗage wasa da Liverpool.

Da Glazer suka sanar a ƙarshen 2022 cewa suna sauraron masu saye, mafi yawan muryoyin da ake ji a nan suna tare da Sheikh Jassim na Katar ne, wanda ya yi tayin sayen kulob ɗin ɗungurungum tare da biyan bashinsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an ga abin da kuɗin Larabawa ya yi wa Manchester City da PSG, ga kuma kusancin addini da ke sa mutum ya ji kamar nasa ne zai saya. Sheikh Jassim ya janye a watan Oktoba na 2023, sai Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, ya sayi kashi 27 da ɗoriya cikin ɗari, aka kammala cinikin a watan Fabrairu na 2024, aka danƙa masa duk abin da ya shafi wasa. Wannan shi ne abu na farko da masu cewa “sabon mai kulob” ke mantawa. Glazer suna nan da kaso mafi rinjaye, bashin yana nan, kuɗin ruwa kuma ana ci gaba da biya. Abin da aka sauya shi ne mai riƙe da linzami, ba mai doki ba.

To, me mai linzamin ya yi? Nan ne ya kamata a tsaya, domin shekarar farko ta INEOS ta nuna yadda ake ɓata gyara tun daga ofis. An ɗauko Omar Berrada daga Manchester City ya zama babban jami'in gudanarwa, an yi ta jan-in-ja da Newcastle wata da watanni kafin a samu Dan Ashworth ya zama daraktan wasanni, wato mutumin da zai tsara irin ƴan wasan da za a riƙa saye ko da koci ya tafi. Sai kocin United, Erik ten Hag, ya doke Manchester City da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin FA a watan Mayu na 2024, bayan kaka mai muni da kulob ɗin ya ƙare na takwas. Magoya baya, na can da na nan, suka ɗaga murya a bar shi, shugabanni suka saurara, suka ƙara masa kwantaragi, suka kashe kusan fam miliyan 200 a kan ƴan wasa biyar, biyu daga cikinsu, De Ligt da Mazraoui, tsoffin yaransa ne na Ajax. A watan Oktoba aka kori Ten Hag. A watan Disamba Ashworth ya tafi bayan wata biyar kacal a kan aiki, sallamar su biyun da muƙarrabansu ta ci fam miliyan 14 da rabi. Ruben Amorim da aka ɗauko daga Sporting a watan Nuwamba mutum ne mai tsarin masu tsaron baya uku, aka miƙa masa ƴan wasan da aka tara domin tsarin masu tsaron baya huɗu, a tsakiyar kaka, babu lokacin atisaye. Kulob ɗin ya ƙare kakar 2024/2025 a matsayi na 15 da maki 42, ya kuma sha kashi a hannun Tottenham da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na gasar Europa a Bilbao.

Wanda ya ce laifin koci ne bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi rabin gaskiya ba. Tun daga 2013 an ga Moyes, an ga Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Rangnick na riƙon ƙwarya, Ten Hag, kowanne da salon wasansa, kowanne an sayo masa nasa mutane da albashi mai tsoka da kwantaragi mai tsawo, kowanne ya tafi ya bar su. Antony da aka sayo daga Ajax a 2022 a kan yuro miliyan 95 an sayar da shi ga Real Betis a 2025 a kan abin da bai kai kashi ɗaya bisa uku na wannan kuɗi ba. Kiran “a kori koci” da ake yi a fada bayan kowace asara, idan ofis ya biye masa ba tare da yana da tsari nasa ba, shi ne ke haifar da irin wannan tarkace. Kiran “a bar shi” da aka yi bayan kofin FA shi ma ya jawo asara iri ɗaya. Shugabancin da ke auna hukuncinsa da zafin muryar ƴan kallo, ko ta wane ɓangare ta fito, bai fara gyara ba tukuna.

Inda gyaran ya yi kyau, kusan kullum ofis ne aka fara ginawa. Masu kuɗin Abu Dhabi sun sayi Manchester City a 2008, suka fara da sayen Robinho a ranar farko domin duniya ta ji, amma abin da ya mayar da kulob ɗin gagarabadau shi ne ɗauko Ferran Soriano da Txiki Begiristain, tsoffin jami'an Barcelona, a 2012, waɗanda suka shafe shekara huɗu suna share fage kafin Pep Guardiola ya iso a 2016. Duk da haka sai 2023 suka ɗauki kofin Zakarun Turai, kuma a wannan shekarar hukumar Firimiya ta tuhume su da karya dokokin kuɗi sama da sau ɗari. Kamfanin FSG na Amurka ya karɓi Liverpool a 2010 a kan fam miliyan 300 daga hannun Hicks da Gillett, waɗanda suka kusa jefa ta cikin fatara, ya yi shekara biyar yana tuntuɓe kafin ya samu Jürgen Klopp a 2015. Mané daga Southampton, Salah daga Roma, babu wanda aka sayo a matsayin babban tauraro, kuma da aka sayar da Coutinho ga Barcelona a farkon 2018 a kan sama da fam miliyan 100, magoya baya da yawa sun yi kuka, alhali kuɗin ne ya rufe sayen Van Dijk da Alisson. PSG ita ce ta fi ba da darasi ga masu ganin suna ke cin kofi. Katar ta saye ta a 2011, ta biya yuro miliyan 222 a kan Neymar a 2017, wato sama da sefa miliyar 145 a kan mutum ɗaya, ta haɗa shi da Mbappé, ta ƙaro Messi a 2021, kofin Zakarun Turai ya ƙi zuwa. Sai da ukun suka watse, Luis Campos, mai kula da sayen ƴan wasa, ya tara matasa, koci Luis Enrique ya sa su gudu, ko suna riƙe da ƙwallo ko ba sa riƙe da ita, sannan suka lallasa Inter da ci 5 da nema a 2025.

Abu na uku shi ne doka, kuma shi ne amsar tambayar da ake yawan yi a fada: idan Saudiyya ce ke da Newcastle, me ya hana ta sayen duk wanda take so? Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya sayi kashi 80 cikin ɗari na kulob ɗin a watan Oktoba na 2021, a cinikin fam miliyan 305 da ya kawo ƙarshen shekara 14 na tsohon mai kulob ɗin, Mike Ashley, mutanen garin suka cika bakin filin wasa suna murna, wasu har da rawani. Amma dokar Firimiya ta waɗannan shekaru ba ta yarda kulob ya yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku ba, komai arzikin mai shi, kuma an ga yadda aka kwashe wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/2024 saboda sun ƙetare iyaka. Hukumar UEFA ita ma ta ƙayyade cewa albashi da kuɗin sayen ƴan wasa kada su wuce kashi 70 cikin ɗari na abin da kulob ke samu. Ma'anar wannan ita ce kuɗin shigar kulob ne ke auna ƙarfinsa a kasuwa, wato tikiti da talla da kuɗin talabijin, ba dukiyar mai shi ba. Shi ya sa a ƙarshen watan Yuni na 2024 Newcastle ta yi gaggawar sayar da Elliot Anderson, ɗan yankin da ya taso a makarantarta, da Yankuba Minteh ɗan Gambiya, wanda ko wasa ɗaya na gasa bai buga mata ba, domin kawai lissafi ya daidaita. Da haƙuri da kocinta Eddie Howe ta kai na huɗu a 2023, ta doke Liverpool da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin Carabao a watan Maris na 2025, babban kofinta na farko a cikin gida tun 1955. Zamanin da attajirin Rasha Abramovich ya sayi Chelsea a 2003 ya zuba kuɗi yadda ya ga dama ya wuce, amma da yawa daga cikin masu gardama har yanzu da ma'aunin 2003 suke auna masu kulob na yau.

Chelsea ɗin ce ma ta nuna yadda ake zagaye dokar. Bayan gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Abramovich takunkumi saboda yaƙin Yukren, Todd Boehly da kamfanin Clearlake suka sayi kulob ɗin a watan Mayu na 2022 a kan fam miliyar 2 da rabi, da alkawarin zuba wani miliyar 1 da miliyan 750. Cikin shekara biyu suka kashe sama da fam miliyar 1 a kan ƴan wasa, kowa yana tambayar yadda suka tsallake iyakar miliyan 105. Dabarar tana cikin yadda ake rubuta sayen ɗan wasa a littafin lissafi. Idan an sayi ɗan wasa a kan miliyan 100 aka ba shi kwantaragin shekara biyar, ba a rubuta miliyan 100 a shekarar farko, ana raba shi ne miliyan 20 kowace shekara. Idan kwantaragin na shekara takwas ne, sai ya koma miliyan 12 da rabi. Wannan ne ya sa aka ba Mudryk da Enzo Fernández da Caicedo kwantaragin shekara takwas ko fiye. A ɗaya gefen kuma, yaron da ya taso a makarantar kulob ba a saye shi da ko sisi ba, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla da ake rubutawa nan take, abin da ya sa Mason Mount ya tafi a 2023, Conor Gallagher ya bi shi a 2024. Da wannan bai isa ba, kulob ɗin ya sayar da otal-otal biyu na harabar filin wasansa, daga baya har da ƙungiyarsa ta mata, ga kamfanonin da masu kulob ɗin ne ke da su. UEFA da Firimiya duka sun toshe ƙofar dogon kwantaragi a 2023, suka tsayar da rabon a shekara biyar.

Magoya bayan Chelsea a nan sun sha ba'a a waɗannan shekaru, da korar Tuchel, da zuwan Potter da tafiyarsa, da ƙarewa na 12 a 2023, don haka da kulob ɗin ya ɗauki kofin Conference a watan Mayu na 2025, ya kuma doke PSG da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na kofin duniya na kulob-kulob a watan Yuli, sai suka ce magana ta ƙare. Ban ga ta ƙare ba. Kuɗin da aka shimfiɗa a kan shekara takwas dole ne a biya shi shekara takwas, ɗan wasan da ya gaza kuma yana nan a littafi ko yana bugawa ko ba ya bugawa, kuma otal sau ɗaya ake sayar da shi. Akwai kuma mutanen Strasbourg a Faransa, waɗanda masu Chelsea suka sayi kulob ɗinsu a 2023. Kulob ɗin ya samu matasa masu hazaƙa ya haura a tebur, amma masu tsananin kishinsa suna ta zanga-zanga, domin suna ganin an mayar da su wurin renon yaran wani.

Wannan ya kawo mu ga wani bambanci da ba a cika faɗa ba, wato magoya baya iri biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke nema wurin mai kulob ba. A gidan kallo na unguwa, inda ake rubuta wasannin ranar da alli a allon bakin ƙofa, mutum ya miƙa dala ashirin ya samu wuri a benci, talabijin biyu ko uku a jere, ɗaya da muryar mai sharhi cikin Faransanci sauran an kashe musu sauti, abin da mai goyon baya ya saya da kuɗinsa shi ne minti casa'in da kuma bakin magana na mako guda. Idan kulob ɗinsa ya ci, shi ke riƙe da fada har a sauke shayi na uku. Idan an ci shi, wayarsa ba za ta huta ba. A wurinsa mai kulob nagari shi ne wanda ya kawo nasara, ko daga ina kuɗin ya fito. Mutumin Manchester kuwa, wanda kakansa ya kai ubansa filin, ubansa ya kai shi, yana da wasu buƙatu da ba su shafe mu ba. A ƙarshen 2024 sabbin shugabannin United sun mayar da tikitin sauran wasannin kaka fam 66, suka soke rangwamen yara da tsofaffi. Fam 66 ya haura jika 50 na sefa, ya fi mafi ƙarancin albashin wata a Nijar, wanda yake jika 42. A shekarar aka sallami ma'aikata kusan 250, aka sanar da sallamar wasu har 200 a 2025, a daidai lokacin da ake nuna zanen sabon filin wasa mai cin mutum 100,000. A fada an fi tattauna zanen filin, a Manchester an fi tattauna tikitin da ma'aikatan.

Kuma na can ɗin ne kaɗai ke iya lanƙwasa mai kulob. A watan Fabrairu na 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga Anfield a minti na 77 saboda tikitin fam 77, cikin ƴan kwanaki FSG ta janye ta ba da haƙuri. Vincent Tan, mai kulob ɗin Cardiff, ya sauya rigarta daga shuɗi zuwa ja a 2012, mutanen garin suka matsa har ya mayar da ita a 2015. Gasar Super League da manyan kulob 12 suka sanar a watan Afrilu na 2021 ta rushe cikin kwana biyu, saboda mutane sun fito kan titi a Landan da sauran biranen Ingila. A Marseille, inda Frank McCourt ya sayi kulob ɗin a 2016 da alkawarin mayar da kulob ɗin cikin zakaru, abin ya wuce gona da iri, domin a ƙarshen watan Janairu na 2021 ɗaruruwan magoya baya sun afka wa sansanin atisaye, aka ɗage wasa da Rennes, kafin wata guda aka sauke shugaban kulob Jacques-Henri Eyraud. Mai kallo daga Yamai yana cikin lissafin masu kulob, domin yawan irinsa a Afirka da Asiya ne ke ɗaga farashin talla da na talabijin, amma ba ya cikin tsoronsu. Ba shi da kujerar da zai bari babu kowa a nuna a talabijin.

Masu cewa ko wane ne ya saya ya fi na da, ya kamata su tuna da Bordeaux, kulob mai kofin Faransa shida, inda Zidane ya yi suna, inda Moussa Maâzou namu ya buga a matsayin aro a 2010. Tashar M6 ta sayar da shi a 2018 ga wasu kamfanonin zuba jari na Amurka, su ma suka janye hannu a 2021 ya koma wurin Gérard Lopez, ya faɗa rukuni na biyu a 2022, a 2024 kuma hukumar binciken asusun kulob-kulob ta Faransa, DNCG, ta tura shi rukuni na huɗu, ya ajiye matsayinsa na ƙwararru, aka rufe makarantarsa ta horar da matasa. Lyon ta tsallake rijiya da baya a 2025 a ƙarƙashin mai ita, John Textor, sai da ɗaukaka ƙara ta cece ta daga faɗawa rukuni na biyu. Irin wannan ne ya sa Jamusawa suka riƙe dokarsu mai tabbatar wa mambobin kulob rinjayen ƙuri'a a kan duk mai zuba jari, Birtaniya kuma ta kafa dokar samar da hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa tantance masu sayen kulob a 2025. Ba wai mallakar mambobi ba ta da nata ciwon ba: Barcelona ta mambobi ce, su ke zaɓen shugaba, kuma shugabannin da suka zaɓa ne suka tara mata bashin yuro miliyar 1 da miliyan 350 har ta kasa riƙe Messi a 2021.

Haƙurin da ake kira a yi, to, da wa za a yi shi? Ana yawan kafa hujja da Arteta, wanda Arsenal ta ƙare na takwas sau biyu a hannunsa, a 2020 da 2021, aka bar shi har ya mayar da ita mai takarar kofi, da kuma Klopp da ya shafe kusan shekara huɗu kafin kofinsa na farko. Amma a wuraren biyu akwai abin da ido ke gani tun kafin sakamako ya zo: ana rabuwa da masu babban albashi da ba sa aiki, irin su Özil da Aubameyang, shekarun ƴan wasa na raguwa, wanda aka sayo bana ya dace da wanda aka sayo bara, mutanen ofis kuma suna nan ba sa sauyawa kowace kaka. Idan ana ganin waɗannan, asarar wasa uku a jere ba hujjar kora ba ce. Idan kuwa daraktan wasanni ya tafi bayan wata biyar, koci na yau kishiyar na jiya ne a salon wasa, bashi bai ragu ba, to, mai cewa a yi haƙuri yana roƙa wa mutane lokaci ne kawai, bai nuna abin da za a yi da lokacin ba.

A gida ma wannan lissafi yana aiki, ko da yake ba a sayar da kulob a Nijar yadda ake yi a Turai. Mafi yawan manyan kulob na gasar ƙasa na hukumomi ne da kamfanonin gwamnati: AS FAN ta soja, AS GNN ta dakarun tsaron ƙasa, USGN ta jandarma, ga ta ƴan sanda, ta kwastan, ta SONIDEP da ta Nigelec. Sahel SC da Olympic FC, waɗanda suka fi kowa tarin kofuna a tarihi kuma suka samo asali daga unguwannin Yamai, suna dogara ne da aljihun shugabanninsu da masu taimako. A kulob na hukuma, sauyin babban darakta ko kwamanda daidai yake da sauyin mai kulob, domin sha'awarsa ga tamaula ita ke tsara kasafin kaka, kuma ƴan kallo ba su da ƙuri'a a ciki. AS FAN ta kai matakin rukuni na kofin Confederation na Afirka a 2010, AS SONIDEP ta ɗauki gasar ƙasa a 2018 da 2019, USGN ta ɗauka a 2021 ta kuma kai matakin rukuni na kofin Confederation a kakar da ta biyo. Duk ɗan kasuwar da zai karɓi ɗaya daga cikin kulob na unguwa ko na jihohi, ko a Tawa ne ko a Maraɗi, zai tarar da cewa kuɗin ƙofa da na talla ba za su biya albashi ba, don haka hanyar shiga ta gaskiya ita ce renon yara da rubuta musu kwantaragi mai inganci, yadda idan sun fita waje kulob zai samu kuɗin sayarwa da kason horarwa da dokokin FIFA suka tanada wa duk kulob ɗin da ya rene ɗan wasa tun yana yaro.